Yadda Ciyayyarmu Ta Dawo Bayan Magariba

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Labarin ba wani babba ba ne, labarin tuwo ne da lokacin cinsa. Amma a cikinsa akwai girkin matan mutane, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. In wani jika ya karanta ya ga kamar na kushe miyar kakarsa, ina zan sa kaina? Na yi shawara da mai ɗakina, ta ce in rubuta mana, wa zai karanta? Wannan ma ya zame mini wata damuwar ta daban. Daga baya na yanke cewa ba zan ambaci sunan kowa ba. Kuma tun daga nan ina shaida wa mai karatu, duk kwanon da zan ambata girkinsa mai daɗi ne. Daɗin ne ma ya kusa kai ni ƙasa.

Na sauka Abijan ina saurayi, ba a daɗe da mai da ita mazaunin gwamna ba. Ni Bagobiri ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, har na iya karatu da rubutu, sannan na koyi ɗinki wurin kawuna. Da na yi aure na kawo iyalina, sai muka sami ɗakin haya a wani kur, wato babban gidan haya mai tsakar gida ɗaya, a unguwar Tireshbil, can wajen da yaran yanzu suke kira Biyafara. Lokacin babu wannan sunan, yashi ne da itatuwan kwakwa da ɗakunan katako. Rumfar ɗinkina kuwa tana unguwar Ajame, can ƙetaren ruwa. Akwai wani kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke kai nama can kowace safiya ya dawo da yamma, shi nake bi. Ke nan wunina duk zama ne: zama a kamiyo, zama a gaban keke, zama a kamiyo, zama a tabarma.

Mu biyar ne magidanta a kur ɗin. Akwai maigida, wani dattijo mutumin Tawa, dillalin shanu, wanda duk muke ce wa Baba. Akwai Malam, mai jan mu salla. Akwai mahauci, wanda shi ya sama mini wuri a kamiyon. Akwai wani Bazabarme ɗan koli, abokin wasana, wanda bai taɓa barin na sha iska ba. Sai ni, ƙaraminsu.

Ciyayya muke yi. Saboda yaran da aka haifa a nan, bari in faɗi yadda take: kowane ɗaki zai fito da kwanonsa, maza su zauna a tabarma ɗaya a ƙofar gida, a buɗe kwano ɗaya a ci, a jawo na gaba. Baba ya ɗauki wannan abu da girma ƙwarai. Tun ranar da na tare aka ba ni labarin wani ɗan haya da ya riƙa cin abincinsa a ɗaki. Baba bai yi masa faɗa ba, ya dai ce masa wanda bai iya ci da mu ba, bai iya zama da mu ba. Wata bai ƙare ba mutumin ya kwashe kayansa. Wannan labari ya zauna mini daram a zuciya.

Abin da ya ba ni mamaki tun farko shi ne lokacin cin. A garinmu ana idar da magariba ake ci. A kur ɗin nan kuwa sai an yi isha, sannan a zauna. Malam ya koma gefe yana nafila da wuridi, Baba yana ɓantarar goro, mahauci ma sai ya gama hirarsa a bakin kasuwa sannan ya iso. Sai yara sun yi barci, unguwa ta fara shiru, sannan Baba ya yi gyaran murya a fito da kwanuka. Ban tambayi dalili ba. Baƙo ne ni, na ce a raina ko haka ake yi a bakin teku.

Masifata ta faro ne daga aceke, wani turaren garin rogo da mutanen ƙasar ke ci. Malam ya auri wata Bajula, ƴar ƙabilar Julawa ta arewacin ƙasar, mace mai natsuwa, ba ta jin Hausa sosai. Ranar da kwanonta ya fara fitowa, sai ga aceke da soyayyen kifi da barkono. Mu kuwa mutanen tuwo ne. Baba ya kai loma ɗaya ya ce akwai ɗan tsami. Mahauci ya tsinci kifin ya bar sauran. Kwanon ya koma kusan yadda ya zo. Da yake ni ne ƙarami, ni ke mai da kwanuka bakin ƙofar cikin gida. Matar Malam ta zo ta karɓi nata, ta buɗe, ta duba, ta ja wani dogon numfashi, ta juya ta koma ciki.

Numfashin nan ya hana ni sakat. Na riƙa tunanin yarinya ta baro danginta, ta wuni tana turara rogo, ga abin da muka saka mata da shi. Kashegari da kwanonta ya zo, kowa ya tsame hannu, ni ban tsame ba sai da na ga gindin kwano. Na ji sanyi a raina.

Sanyin bai daɗe ba. Ina kwance sai wani tunani ya faɗo mini: in aka lura tela yana suɗe kwanon matar Malam shi kaɗai, me za a ce? A'uzubillahi. Don haka kashegari na suɗe nata, na suɗe tuwon shinkafar gidan Baba. To, in na yi wa biyu na bar na mahauci, ai na nuna bambanci. Nasa kuwa kullum kayan ciki ne da kitsen da bai ƙare a kasuwa ba. Na bi shi. Dambun gidan Bazabarme ma ban bar shi ba, don kada ya sami abin faɗa. Na matata fa? Wane irin miji ne zai suɗe na mutane ya bar na ɗakinsa?

Haka na zama mai sharar kwanuka biyar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kwanukan sai girma suke yi. Wadda ta saba fito da ƙaramin kwano ta koma langa, mai langa ta koma akushi. Na ce a raina sun ga ana yaba girkinsu ne. Na ƙara ɗaura ɗamara.

"Kai Bagobiri," in ji Bazabarme, "a bar wa langar fentinta mana, aro aka yo ta!"

"Ci naka ka yi shiru, bawana," na ce, da kyar nake numfashi.

"Wane nawa? Ka bar mini ne? Wallahi Baba, gobe da igiya zan zo in ɗaure dambuna a ƙafata."

Baba kuwa murna yake yi. Yakan ce, "Ku bar shi ya ci. Yaro mai cin abincin mutane ba ya da mugun ciki." Wannan yabo ya ƙara ɗaure ni. Ta ina zan fara janye hannu?

Ba a jima ba jikina ya fara kai ƙara. Da na kwanta sai ƙwannafi ya taso mini kamar an hura wuta a ƙirjina. Na koma barci a zaune, na jingina da bango. Asuba nakan tashi kamar an ɗora mini buhun gishiri. Wandona na buɗa shi, na sake buɗawa, har na rasa abin buɗawa. A rumfa kuwa gyangyaɗi nake yi, ƙafa tana taka keke ido yana rufe. Wata rana na ɗinka wa wani mai goro riga, ya sa, ya kai hannu aljihu, hannu ya ƙi shiga. Na bi bakin aljihun na ɗinke tsaf.

"Tela," ya ce, "ka ga ba ni da abin sawa ne ka rufe mini shi?"

Mutanen rumfa suka yi ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na tabbatar wa kaina cewa wani mugun ciwo ne ya kama ni. Na yi tunanin ciwon zuciya, na yi tunanin sammu, na ma fara tunanin wanda zan bar wa keken ɗinkina. Daga ƙarshe na tattara ƙarfin hali na tafi gidan likita.

Lokotoron, wato likitan, baƙar fata ne, mutumin Dahome, mai ɗan furfura. Ya ƙwanƙwasa mini ciki, ya saurari ƙirjina, ya duba harshena. Sannan ya ce in faɗa masa abin da nake ci da dare. Na soma lissafi da Faransancina na lakwal: tuwon shinkafa, aceke da kifi, kayan ciki, dambu, tuwon masara. Ya ce a mako? Na ce a'a, kowane dare. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ku nawa ne a cikin rigar nan?"

Ya tambayi lokacin da nake ci, na faɗa. Ya tambayi tafiyar da nake yi a wuni, na ce daga ɗaki zuwa kamiyo. Sai ya ce ba ni da ciwon komai tukuna, amma ina kan hanyar samunsa. In ci da wuri, in ci kaɗan, in yi tafiya da ƙafa. Ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba. Na fito ina jin haushinsa, don da kwalbar magani ya ba ni da na sha a ɓoye ba wanda ya sani. Abin da ya ce in yi kuwa, biyu daga ciki suna kan tabarmar Baba.

Na fara da mai sauƙin. Na ce wa mahauci na daina bin kamiyo da yamma, wai ina da wani abin dubawa a hanya. Bayan la'asar da kaɗan sai in rufe keke da ƙyalle, in ɗaura takalmina, in bi gefen hanyar jirgin ƙasa in gangaro. Kwanakin farko ƙafafuna sun yi kuka, cinyoyina suka saɓule, ina isa gida kamar wanda aka kora. Amma mako bai yi nisa ba sai na fara ganin gari. Shekaru ina ratsa Abijan a bayan kamiyo, tsakanin kwandunan nama, ban san ta ba.

Daga Ajame hanya tana gangarawa ta gefen Filato, unguwar Turawa, inda itatuwan mangwaro ke yi wa titi rumfa. Lokacin ne leburori ke tashi, Mosawa da Julawa da mutanen kurmi, kowa da yarensa, a cika hanya ana tafe ana raha. Sai kuma gada. Yaran yanzu ba su san ta ba. Gada ce da ke kwance bisa ruwa, tana numfashi a ƙarƙashin ƙafarka, in jirgin ƙasa ya hau sai ka ji ta nutsa kaɗan ta taso. Ranar farko addu'a na yi ta yi har na ƙetare. Daga baya ita ce ta zama wurin da na fi so a duk duniya. Iskar lagun, wato ruwan da gadar ke kai, takan bugo ka ta shiga cikin riga ta busar da gumin wuni. Masunta suna tura kwalekwale, mata suna tafe da daro cike da kifi banda a kai, rana tana jan jiki ta faɗa bayan itatuwa, ruwa ya yi ja kamar an zuba manja. Wani lokaci a buɗe tsakiyar gadar don wani jirgin ruwa ya wuce, jama'a ta taru a tsaya. Mai gaggawa ya yi ta tsaki, ni kuwa in jingina in yi kallo. In magariba ta riske mu a nan, mu shimfiɗa rawani a gefe mu yi salla da mutanen da ban sani ba. Akwai ranar da na kama kaina ina waƙa a tsakiyar gada, ni da ban taɓa waƙa a gaban mutane ba. Na yi sauri na duba ko wani ya ji.

Sai dai tafiyar ta zo da nata. Ina isa gida da yunwa kamar in ci tabarma, sannan in zauna jiran gyaran muryar Baba. Kafin kwanuka su fito idona ya rufe. Abin da nake ci da don kunya, yanzu na koma cinsa don yunwa, ƙwannafi kuwa ko gezau. Na gane tafiya kaɗai ba za ta fisshe ni ba. Ko dai in taɓa ciyayya, ko ciyayya ta gama da ni. In na taɓa ta kuma, ga labarin mutumin da ya kwashe kayansa.

Wata Lahadi da hantsi mai ɗakina ta same ni na yi tagumi, ta matsa mini da tambaya. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga numfashin matar Malam har maganar lokotoro. Ina magana tana buɗe baki. Da na kai wurin kwanuka biyar sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ciki, hawaye na zuba don dariya.

"Kai, bawan Allah! Ashe kai ne?"

"Ni ne me?"

Ta ja mayafi ta fita da gudu, ina kiranta ina roƙonta ta rufa mini asiri. Kafin in sa hula na ji cikin gida ya kaure da shewa. Can aka ce Inna tana kirana, wato matar Baba. Na je na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa.

"Ɗana," ta ce, "ashe kai ne ka hana jikokina ɗumame?"

Na ce, "Inna, ni?"

"Kai mana. Da kwanuka sukan dawo da saura, da safe mu ɗumama wa yara. Sai muka wayi gari suna dawowa kamar an wanke. Muka ce wayyo, maza ba sa ƙoshi, mun ji kunya. Kowace ta ƙara hannu. Suka sake dawowa fes. Muka sake ƙarawa. Ni har tukunya na sake. Muna nan muna cewa wane irin ci ne ya sauko wa mazan gidan nan, ashe mutum ɗaya ne yake kashe kansa don kada ranmu ya ɓaci!"

Na ce, "Inna, na ɗauka in kwano ya koma da saura, raini ne."

"In ya koma ba a taɓa ba, raini ne. In ya koma babu ko loma, yunwa ce. Ba a koya maka tsakiya ba a lakwal ɗin?"

Matan da ke bayanta suka sake fashewa. Da na ga fuskarta a sake, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: me ya sa ake cin abinci a makare haka a gidan nan?

"Azumi ne," ta ce. "Shekarar da aka gama ginin kur ɗin nan, ƴan hayan farko sun tare ana gab da azumi. Cikin watan aka fara ciyayya. A sha kunu da magariba, a yi isha, a yi asham, sannan a fito da tuwo. Salla ta zo ta wuce, ba wanda ya ce komai. Asham ta tafi, jiranta ya zauna. Mu kuwa tun rana ba ta faɗi ba muke sauke tukunya. Mu rufe, mu zauna, miya ta huce mu ɗumama, muna gyangyaɗi muna jiran kwanukan wankewa."

"Ba ki taɓa yi wa Baba maganar ba?"

"Na taɓa. Ya ce in bar abin da ban sani ba. Lokacin cin maza, a tabarmar maza ake yanke shi. Kai da ka iya cin na mutum biyar, sai ka iya faɗar magana ɗaya."

Makon nan duka a kan hanya nake shirya jawabi. Daga Ajame zuwa Filato in tsara gabatarwa, da yabon Baba da karamcinsa. A kan gada in kawo maganar lokotoro. Kafin in kai gida in rushe duka, don na gano wata kalma da za ta iya zama rashin kunya. Har na fara leƙa wasu kur a hanya ina tambayar ko akwai ɗaki, saboda ko ta ɓaci.

Ranar da abin ya faru ban shirya ba. An buɗe kwanon farko na kai loma kaɗan, na biyu ma haka. Da aka zo na uku sai na tuna fuskar Inna, na tsame hannuna na sa a ruwan wanki. Kowa ya juyo ya dube ni.

"Innalillahi," in ji Bazabarme. "Bagobiri ya ƙoshi. Malam, duba mana littafi, ko tashin duniya ne ya zo?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce, "Tela, lafiya? Ko abincinmu ne ya gundure ka?"

Duk jawabin da na tsara ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, azumi ya wuce."

"Wane azumi?"

Sai na soma, ina in'ina, na haɗa gaba da baya. Na faɗi ƙwannafi, na faɗi lokotoro, na faɗi ɗumamen yara, na faɗi asham. Na rantse ba na son barin tabarmar nan ko da za ta kashe ni, roƙona dai a dubi lokacin. Na gama ina jiran a ce in nemi ɗaki.

Baba ya gyara zama. Sannan ya juya wajen Malam.

"Malam, ba kai kake tsai da mu ba? Na ga kullum bayan isha kana da abin da kake karantawa, na ce ba a katse malami."

Malam ya zaro ido. "Ni, Baba? Ni da nake jan wuridi don kada a ga ina leƙen ƙofa? Na ɗauka tsarin gidanka ne. Wallahi wani daren har cikina yakan amsa mini amin."

"To ni goron nan da kuke gani," in ji Baba, "kun ɗauka daɗinsa nake ji? Yunwa nake dannewa da shi, shekara da shekaru!"

Bazabarme ne ya fara kifewa. Malam ya rufe fuska da rawani kafaɗunsa na rawa. Daga bayan ƙofa muka ji dariyar mata, ashe duk suna nan sun kasa kunne. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya fi ƙarfinsa, ya yi dariya har da tari. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Mahauci kaɗai ya ƙi. Ya ce shi hirarsa ta bakin kasuwa fa? Kuma naman da ya rage sai can yake sanin yawansa. Aka yi ta ja. Daga ƙarshe Baba ya yanke: duk ranakun aiki, ana sallame magariba a fito da kwanuka, wanda bai iso ba a rufe masa nasa. Ranar Asabar kuwa, tunda kashegari ba kowa ke sammako ba, a bar ta yadda aka saba, mahauci ya kawo abin da ya kawo a raba dare ana hira. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Kai kuma Tela, kowane kwano a bar wa yara nasu. In na sake ganin gindin langa, kai da Innarka."

Haka yammacinmu ya sake kama. In taso daga Ajame da ƙafa, in ƙetare gada, in watsa ruwa, a yi magariba, a ci tuwo da zafinsa. Ashe miyar gidan Baba haka take da daɗi in ba a ɗumama ta sau biyu ba. Kafin isha an wanke hannu, an ma fara hira. Mahauci ya yi fushin kwana kaɗan yana cin nasa shi kaɗai a sanyaye, daga baya sai ga shi yana rigan kowa zama.

Sai ga lokaci ya samu, wanda da muke kashewa a jira. Bayan isha nakan jawo fitila in yi ɗinkin hula, sana'ar da na yar tun ina gida. Malam ya ce tunda hannuna ne ke aiki ba bakina ba, in riƙa biya masa surorin da na bari lokacin da aka kai ni lakwal. Ina soka allura ina karatu yana gyara mini. Bazabarme ya nace sai na koya masa karanta rubutun da ke jikin kwalayen hajarsa, ya kuwa koya, ko da yake har ya bar Abijan yana cewa Bagobiri bai koya masa komai ba, da ma ya iya. Mata suka sami nasu, sun gama wanke-wanke da wuri, muna jiyo su suna kitso suna yi wa yara tatsuniya. Da safe ƙamshin ɗumame ya dawo gidan.

Ƙwannafi ya tafi ban san ranar da ya tafi ba. Na wayi gari ne kawai na ga a kwance na kwana kamar kowa. Wandon da na yi ta buɗawa na koma ina ragewa. Ban sake rufe wa kowa aljihu ba. Abin da ya fi faranta mini rai kuwa, wata yamma na sauko daga gada sai na hangi Baba tsaye da sandarsa. Na yi sauri na tambaye shi ko wani abu ya faru a gida. Ya ce babu komai, ya zo ne ya ga abin da nake gani a nan da har nake dawowa ina murmushi. Tun daga ranar yakan tako ya tarye ni, mu koma tare a hankali, yana nuna mini inda daji yake lokacin da ya zo.

Ba zan ce damuwa ta bar ni ba. Na daɗe ina auna saurar da nake bari da ido, kada ta wani kwano ta fi ta wani. Kuma aceke ya riga ya shiga raina, har yau in na gan shi sai na yi da gaske nake tsame hannu.

Abu ɗaya ne ya rage mini. Bayan yaƙin duniya na biyu Malam ya kwashe iyalinsa ya koma arewa, wajen dangin matarsa, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Duk zaman da muka yi ban taɓa tambayar dalilin numfashin nan da ta ja ba. Mai ɗakina ta ce wataƙila gajiya ce kawai, ko ma murna take yi ta sami abin karin safe. Inna ta ce ba ta san an yi ba. Ni kuwa har yanzu ina jin sa a kunnena.

Don haka ina roƙon mai karatu. In kai ɗa ne ko jika ga wata Bajula da ta auri malamin Hausawa a Tireshbil zamanin gadar kan ruwa, kuma ka taɓa jin ta ba da labarin wani tela mai suɗe kwano, don Allah ka aiko mini da abin da ta ce game da kwanonta na ranar farko, ko mai daɗi ne ko marar daɗi. Haka kuma in akwai kur a Biyafara ko Ajame da har yanzu ake ciyayya, ina so a sanar da ni lokacin da suke ci, da wanda ya sa lokacin.